Tsohuwar Kyanwa da Zawon da Ya Ƙi Tsayawa: Yadda Ake Bin Sa Daki-Daki

Kyanwar da ta shekara 12 tana binne kashinta ba ka ma san ta yi ba, sai ga shi wata safiya ka tarar ta ɓata bakin tirenta. Ka share, ka ce ƙila wani abu ta ci. Bayan kwana uku abin ya lafa, mako na zagayowa ya dawo. Ana haka wata guda ya shuɗe. Ran da ka ɗaga ta sai ka ji ta sakayau a hannu, ka shafa gadon bayanta ka ji ƙasusuwa a jere kamar haƙoran mataji. Haka ya faru da tawa, kuma abin da ya fi damuna daga baya shi ne makonnin da na ɓata ina sauya mata abinci yau wannan gobe wancan, alhali cutar tana can a wuyanta, ba a cikin kwanonta ba.

Likitocin dabbobi suna kiran zawo daɗaɗɗe idan ya kai mako 3 bai tsaya ba, ko yana tafiya yana dawowa. A jikin 'yar kyanwa, sau da yawa tsutsar ciki ce ko canjin abinci. A jikin wadda ta haura shekara 10 kuwa, zawo ɗan aike ne, akwai wanda ya turo shi. Kyanwa mai shekara 11 daidai take da mutum mai kimanin shekara 60, mai 15 kuma ta kai ɗan 76. Don haka aikin da ke gabanka shi ne gano mai aiken, tare da riƙe jikinta kada ta zube kafin a gano shi.

Alamomin da ba a jira da su

Kafin komai, akwai yanayin da ba a zama bin matakai. Idan kashin ya zama baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, jini ne ya zuba a can sama cikin hanji ko tumbi. Idan jini ja yana fita da yawa, ko tana amai babu ƙaƙƙautawa, ko ta kwana ta wuni ba ta sa komai a baki ba, ko ta lafe a lungu ba ta iya ɗaga kai, a tafi asibitin dabbobi a ranar. Ɗaga leɓenta ka duba dasashi. Na mai lafiya ja-ja ne mai laima. Idan ya yi fari fat, ko ya koma rawaya, ko yatsanka yana mannewa a jikinsa don bushewa, wannan ma na gaggawa ne.

Wani abu da ke ruɗar mutane: muzuru ya riƙa zarya zuwa tire yana yunƙuri yana kuka, a ɗauka atini ne, ashe fitsari ne ya toshe. Toshewar fitsari tana iya kashe shi cikin kwana biyu zuwa uku. Duba yashin da kyau, in babu jiƙar fitsari, kada ka kwana da shi a gida.

Mataki na farko: littafi, sikeli da ido

Kyanwa ba ta magana, kuma a gaban likita takan ƙame ta ɓoye komai. Abin da ka gani a gida shi ne rabin binciken. Samu ɗan littafi, kullum ka rubuta abin da ta ci, sau nawa ta yi kashi, yaya kamanninsa, ta yi amai ko ba ta yi ba. Ɗauki hoton kashin da waya. Na san abin ƙyama ne, amma hoto ɗaya ya fi dogon bayani, don abin da kai kake kira zawo ƙila wani zai kira shi laushi kawai.

Kamannin kashin suna nuna inda matsalar take. Idan daga ƙaramin hanji ne, yakan fito da yawa a zama ɗaya, ruwa-ruwa ko kamar taɓo, ga wari mai tsanani, amma ba ta cika zarya ba, kuma tana ramewa. Idan daga babban hanji ne, sai ka ga tana komawa tire sau biyar, sau shida, ana fitar da ɗan kaɗan, da majina-majina, wani lokaci da ɗigon jan jini, tana yunƙuri, ta kan kasa riƙewa har ta kai wurin. Wadda babban hanjinta kaɗai ya taɓu ba ta cika ramewa ba. A tsofaffi sau da yawa alamomin biyu sukan gauraya, amma ko hakan ma labari ne mai amfani ga likita.

Sai awo. Gashi yana ɓoye rama, kuma idon da ke ganin ta kullum ba ya lura. Auna ta sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, kafin ta ci. Sikelin jarirai ya fi, in babu sai ka sa ta a kwando ka auna, ka cire nauyin kwandon. Kada ka raina ƙaramin adadi. Kyanwa mai kilo 4 da ta rasa giram 200 ta zubar da kashi 5 cikin 100 na jikinta, kamar mutum mai kilo 70 ya rasa kilo 3 da rabi ke nan.

Ka kuma lura da cin abincinta, don a nan amsar tawa ta ɓuya. Tsohuwar kyanwar da ke ci kamar ba gobe, tana bin ka da kuka ta ƙara, tana shan ruwa da yawa, tana yawo da kuka cikin dare, amma kullum ƙara ramewa take, wannan hoton ciwon tayirod ne, wato ciwon wasu ƙananan ƙululu biyu da ke wuya, har sai gwaji ya ƙaryata. Wadda kuwa za ta nufo kwano, ta shinshina, ta lashe baki ta juya, tashin zuciya ke damunta.

Idan kyanwoyi sun fi ɗaya a gidan, ware wadda kake zargi a ɗaki guda da tirenta na kwana biyu ko uku, don ka tabbatar ita ce.

Mataki na biyu: abin da za ka janye hannu daga gare shi

Kada ka hana ta abinci da sunan hanji ya huta. Wannan dabara ce da aka saba yi wa kare, ita ma an fara barin ta. Kyanwa idan ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, jikinta yakan kwaso kitse ya tara a hanta fiye da yadda hantar za ta iya sarrafawa, sai hantar ta tsaya. Mai ƙiba ta fi shiga wannan haɗari, kuma ciwo ne da ya fi zawon muni nesa ba kusa ba.

Kada ka ba ta madara. Mafi yawan manyan kyanwoyi ba sa iya narkar da sukarin da ke cikin madara, saboda sinadarin da ke wannan aiki yana raguwa bayan yaye. Wasu zawon nasu gaba ɗaya daga ɗan kofin da ake ba su don ƙauna yake.

Magungunan mutane kuwa, a nan ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke sarrafa wasu magunguna. Farasitamol ƙwaya ɗaya tak tana iya kashe ta, fuska ta kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, numfashi ya gagara. Ibuprofen yana lalata ƙoda ya huda tumbi. Maganin zawo irin Pepto-Bismol yana ɗauke da ɗan'uwan asfirin, shi ma guba ne gare ta. Imodium yakan sa wasu kyanwoyi firgita da fita hayyaci, kuma idan cuta ce a hanjin, riƙe ta kawai zai yi a ciki. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta, don haka romon da aka dafa wa mutane bai dace da ita ba. Maganin kare ma ba nata ba ne sai likita ya ce.

Akwai kuma metronidazol, wanda mutane da yawa suka ɗauka shi ne maganin kowane zawo. Yana da inda yake aiki, amma idan ya yi yawa ko aka daɗe ana ba da shi yakan taɓa ƙwaƙwalwa, kyanwa ta riƙa tangaɗi, ido na rawa, har farfaɗiya. Yana kuma kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji. Shi ya sa likitoci da dama yanzu ba sa fara wa da shi. In ka ga naka bai rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a zuwan farko, kada ka ɗauka sakaci ne.

Mataki na uku: zuwa wurin likita da shiri

Je da littafinka, da hotunan, da duk wani magani ko ƙarin abinci da take sha, har da wanda kake ganin ba komai ba ne. Je da sabon kashi, kamar cikin cokalin shayi, a cikin roba mai murfi. In ba za a kai shi nan take ba, a naɗe shi sosai a sa a firiji, kada ya daskare, kada kuma ya wuce kwana guda.

Ana fara wa da abu mai sauƙi. Gwajin kashi yana neman tsutsotsi da ƙananan halittu irin su Giardia. Ita Giardia ba kullum take zubar da ƙwanta ba, gwaji ɗaya zai iya fitowa babu komai alhali tana nan, don haka wani lokaci akan haɗa kashin kwana uku, ko likita ya ba da fenbendazol na kwana 3 zuwa 5 ko da ba a ga komai ba. Akwai wata mai suna Tritrichomonas, tana jawo zawon babban hanji mai wari da majina. Ta fi kama ƙananan kyanwoyi da gidajen da suka tara da yawa, maganin tsutsa na yau da kullum ba ya kashe ta, kuma gwajinta daban ne.

Sai gwajin jini da na fitsari. A ganina babu tsohuwar kyanwar da ta cancanci a yi ta gwada mata abinci wata da watanni ba a ɗebi jininta ba. A nan ake ganin halin ƙoda da hanta, da sukari, da furotin ɗin jini, da ƙarancin jini. Ka tabbata an haɗa da T4, wato gwajin tayirod. Tayirod wasu ƙananan ƙululu ne biyu a wuya, su ke saita saurin aikin jiki. A tsofaffin kyanwoyi sukan girma su riƙa zuba sinadari fiye da kima, komai na jiki ya ɗauki gudu, zuciya na bugawa da sauri, abinci na wuce hanji kafin a tsotse shi. Wannan yana cikin cututtukan da suka fi yawa a kyanwar da ta haura 10, kuma yana da magani: ƙwayar metimazol ko kabimazol kullum, ko tiyata, ko allurar ayodin mai tururin nukiliya inda ake da ita, ko abinci na musamman mai ƙarancin ayodin. Tawa makonni kaɗan bayan fara ƙwayar kashinta ya haɗe. Abin lura guda: ciwon tayirod yakan rufe ciwon ƙoda, sai an daidaita shi na ƙodar ya bayyana, shi ya sa ake sake gwajin jini bayan an fara magani. Kada ka tsallake wannan komawar.

Idan waɗannan ba su nuna komai ba, sai a matsa kan hanjin da maƙwabtansa. Akwai gwaje-gwajen jini huɗu da aka saba haɗawa: bitamin B12, folet (shi ma bitamin ne), fPLI da fTLI. Na ukun yana neman kumburin fankiriyas, gaɓar da ke zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji. Na huɗun yana duba ko fankiriyas ɗin ya gaji ya daina fitar da ruwan, wanda in haka ne kashi yakan fito da yawa, fari-fari mai maiƙo, maganinsa kuma garin sinadarin narkarwa ne da ake barbaɗawa a abinci. A jikin kyanwa, bututun fankiriyas da na matsarmama suna haɗewa kafin su shiga hanji ta ƙofa ɗaya. Shi ya sa kumburi in ya kama ɗaya yakan shafi ukun, hanji da hanta da fankiriyas. Akan kuma duba FIV da FeLV, cututtuka biyu masu karya garkuwar jiki, musamman ga mai fita waje.

Hoton ciki na na'urar sikanin yana nuna kaurin bangon hanji, kumburin kaluluwa, ko wani ƙari. Idan ba za ka iya ɗaukar nauyin duka a lokaci guda ba, faɗa wa likita gaskiya tun farko, ku jera su. Kashi, jini da T4 su ne gaba, saura su biyo baya.

Mataki na huɗu: gwajin abinci, da gaske

A nan mafi yawan mutane ke faɗuwa, ba don abincin bai yi ba, sai don ba a yi gwajin yadda ya kamata ba. Wani bincike da aka yi a ƙasar Niyu Zilan, aka buga a 2001, kan kyanwoyi 55 masu daɗaɗɗen ciwon ciki, ya nuna kusan rabinsu sun samu sauƙi da canjin abinci kaɗai. Wannan ba ƙaramin adadi ba ne, kuma ya isa a ba abin muhimmanci.

Abin da hanji ke faɗa da shi galibi furotin ne da ya daɗe da sani, kamar naman shanu, kifi ko kaza. Kyanwa na iya cin abu shekara da shekaru lafiya lau, daga baya jikinta ya juya masa baya. Hanya biyu ce. Ko a ba ta naman da ba ta taɓa ci ba, kamar zomo ko agwagwa, ko a ba ta abincin likita wanda aka farfasa furotin ɗinsa ƙanana har garkuwar jiki ba ta gane shi. Akwai kuma abinci mai saurin narkewa da aka yi don masu ciwon ciki, wanda wasu shi kaɗai ke isar su. Idan tana da ciwon ƙoda ko na suga, likita ne zai zaɓa, don abin da ya gyara hanji zai iya wahalar da ƙoda.

Shigar da sabon a hankali cikin kwana 5 zuwa 7. Kwana biyun farko kashi ɗaya cikin huɗu sabo, sai rabi da rabi, sai kashi uku, sai duka. Daga ranar da ya zama duka ake fara ƙirga, mako 2 cur, ba ta cin komai sai shi da ruwa. Komai na nufin komai: ba ɗan guntun nama daga faranti, ba lasar kwanon ɗaya kyanwar, ba ɗan cukun da ake ɓoye magani a ciki. Tara mutanen gida ka yi musu bayani, musamman yara da duk wanda zuciyarsa ba ta iya jure kukanta. Loma ɗaya tana rushe gwajin, sai ka yanke wa abincin da zai warkar da ita hukuncin cewa bai yi ba. Mai fita farauta kuma sai an tsare ta a gida tsawon wannan lokaci.

Masu amsawa galibi sukan nuna alama cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan an ga sauƙi, a zarce. Idan ba a gani ba, yana da kyau a gwada nau'i na biyu na abinci kafin a ce abinci ba shi ne ba.

Tsohuwar kyanwa tana da taurin kai kan abin da ta saba, hancinta kuma ya rage ji. Ɗumama abincin kaɗan, daidai ɗumin jiki, don ƙamshi ya tashi. Raba shi kashi huɗu ko biyar a rana. Sa shi a faffaɗan faranti a wuri mara hayaniya, ɗan ɗaga shi daga ƙasa idan gaɓoɓinta na ciwo. Amma kada ka yi ja-in-ja da ita har ta kwana biyu da yunwa. In ta ƙi sabon ƙememe, mayar mata da wanda take ci ka kira likita, akwai maganin tashin zuciya da na buɗe ciki.

Dafaffen nama zalla, ba gishiri ba kayan ƙamshi, yana iya riƙe ta na 'yan kwanaki. Ba abincin dindindin ba ne. Ba shi da isasshen kalsiyam, kuma kyanwa tana bukatar wani sinadari mai suna taurin wanda rashinsa ke kawo ciwon zuciya da makanta. Ɗanyen nama kuwa ga tsohuwar da hanjinta ya riga ya raunana, ban ba da shawara ba ko kaɗan.

Doka ɗaya da ta hau kan duk wannan: sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. In ka canza abinci, ka ƙara magani, ka zuba gari duk a mako guda, ko ta samu sauƙi ba za ka san wanne ya yi ba, in ta ƙara lalacewa ma haka.

Ruwa, B12 da 'yan taimako

Kyanwa tana bukatar ruwa kimanin mililita 50 kan kowane kilo a rana, har da wanda ke cikin abinci, zawo kuma yana ƙara bukatar. Abincin gwangwani kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, busasshe kuwa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, don haka mai laima ya fi mata. Ajiye kwanonin ruwa a wurare daban-daban, nesa da tire. Gwajin nan na jan fatar bayan wuya a ga ko za ta koma da sauri bai cika gaskiya a tsohuwa ramammiya ba, don fatarta dama ta saki. Dasashi da idanu da kuzarinta sun fi faɗin gaskiya. Idan ana bukata, likita zai iya koya maka yadda ake ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata a gida.

B12 ya cancanci a tsaya a kansa. A ƙarshen ƙaramin hanji ake tsotse shi, da taimakon wani sinadari da a jikin kyanwa fankiriyas ke fitarwa. Duk cutar da ta taɓa ɗaya daga cikin biyun tana jawo ƙarancinsa, shi kuma hanji ba ya warkewa idan babu shi. Kyanwar da B12 ɗinta ya yi ƙasa takan ƙi amsa kowane magani har sai an cike mata. Yadda aka saba shi ne allurar maikrogiram 250 sau ɗaya a mako har mako 6, sannan a tazarta, ko kuma ƙwaya kullum na kimanin wata 3, a sake gwaji. Abu ne mai sauƙi, kuma wasu cin abincinsu yakan dawo cikin 'yan kwanaki.

Garin ƙwayoyin halitta masu amfani da aka yi don kyanwa yana taimakon wasu, a ba shi makonni kafin a yanke hukunci. Ga zawon babban hanji, ɗan garin saliyam, wato garin ɓawon wani iri mai tsotse ruwa, a fara da abin da bai wuce rubu'in cokalin shayi ba a cikin abinci mai laima, ko ƙaramin cokali na dafaffiyar kabewa zalla, yakan haɗe kashi. Tambayi likita tukuna, kuma kada a fara shi tsakiyar gwajin abinci.

Idan duk wannan bai yi ba

Abu biyu ne suka rage a gaba: daɗaɗɗen kumburin hanji da ake kira IBD, da wata sankarar hanji mai tafiyar hawainiya, limfoma mai ƙananan ƙwayoyi. Alamominsu iri ɗaya ne, a hoton sikanin ma kamarsu ɗaya. Ba a raba su sai an yanko ɗan tsoka daga hanjin an duba, ta hanyar tura bututu mai kyamara ko ta tiyata. Idan kana da niyyar yin wannan, a yi shi kafin a fara firednisolon, wato maganin rage kumburi, don maganin yana dusashe alamomin sankara ya ruɗa sakamakon. Idan jikinta ba zai ɗauki maganin barci ba, ko hali bai ba da dama ba, likitoci sukan fara magani bisa zato mafi ƙarfi, kuma wannan ma zaɓi ne na mutunci.

Kada kalmar sankara ta karya maka zuciya tun kafin ka ji bayani. Wannan nau'in yana amsa magani sosai. Da firednisolon da kilorambusil, ƙwayoyi ne da ake ba da su a gida, kyanwoyi da yawa sukan ƙara shekara 2 ko fiye cikin walwala. Kilorambusil ba a fasa shi, ba a taɓa shi sai da safar hannu, mai juna biyu kuma ta nisance shi, kuma ana bin sa da gwajin jini a kai a kai. Firednisolon ba a tsayar da shi farat ɗaya, rage shi ake yi a hankali. Yana iya tayar da ciwon suga, don haka in ka ga shan ruwa da fitsari sun ƙaru ƙwarai, sanar da likita.

Wajen ba da ƙwaya, naɗe ta a tawul ka zaunar da ita bayanta na jikinka, ka ɗaga kanta sama a hankali, ka sa ƙwayar can ƙarshen harshe. Bi ta da ɗan ruwa a sirinji ta gefen baki ko lomar abincinta. Busasshiyar ƙwaya takan maƙale a maƙogwaro ta yi gyambo.

Tire, tsafta da mutuncinta

Kyanwa dabba ce mai tsananin tsafta. Wadda ta ɓata shimfiɗa ba rashin kunya ta yi ba, kasa kaiwa ta yi. Tsawa ko duka ba abin da za su ƙara sai tsoro, damuwa kuma tana ƙara tsinka cikin. Ƙara yawan tire, ɗaya ga kowace kyanwa da ƙarin ɗaya, kuma a sa guda kusa da inda take kwana. Mafi yawan tsofaffi suna fama da ciwon gaɓoɓi ko da ba sa ɗingishi, don haka a samu mai gajeren baki wanda za ta taka ta shiga ba sai ta yi tsalle ba. Shimfiɗa leda ko tsohuwar takarda a kewaye. Yashin ya zama mai laushi mara turare.

Kwashe kashi aƙalla sau biyu a rana, a wanke tiren da ruwan zafi da sabulu duk mako. In za a sa bilic, kashi 1 cikin ruwa kashi 32, a ɗauraye sosai a bar shi ya bushe. Guji maganin goge ƙasa mai sinadarin fenol, irin wanda ke komawa fari kamar madara idan an zuba shi a ruwa, domin tana taka shi ta lashe ƙafa, kuma guba ne gare ta. Sa safar hannu, ka wanke hannu bayan ka gama. Mai juna biyu da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su bar wa wani wannan aiki, saboda ƙwayoyin cuta irin su Toxoplasma da Salmonella da kashin kyanwa kan iya ɗauke da su.

Duba ƙarƙashin jelarta kullum. Tsohuwa ba ta iya lanƙwasawa ta gyara kanta kamar da. Goge mata da auduga da ruwan ɗumi, ka tsane da kyau. Mai dogon gashi a rage mata gashin wurin, da injin aski ya fi almakashi, don fatarta siririya ce tana yankewa da sauƙi. Kada a shafa man kurjin jarirai mai sinadarin zink, lashewa za ta yi. A lokacin zafi ka ƙara sa ido, ƙuda yakan yi ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, cikin kwana guda tsutsa ta fito.

Wasu kyanwoyin ba za su koma yin kashi mai tauri irin na ƙuruciya ba, kuma hakan ba gazawa ba ne. Idan nauyinta ya tsaya ko yana hawa, tana ci da marmari, tana gyara jikinta, tana zuwa ta kwanta kusa da kai, ana kan hanya ko da kashin na da ɗan laushi. Ci gaba da awon mako-mako, a koma wurin likita duk wata 3 zuwa 6 ko da komai lafiya. Ran da sikeli ya nuna raguwa mako biyu a jere, ko amai ya dawo, ɗauki littafin ku koma, kada ka jira ranar da aka sa muku.